Abin da Ɗalibata Ta Gani a Ɗigon Ruwan Rijiya

Shekarun baya, ina sabon malami, takardar shaidata ko lanƙwasa ba ta yi ba, aka tura ni koyarwa a wata firamare da ke wani ƙauye a kan hanyar Kaboji in ka baro Kontagora. Ajujuwa ne 'yan kaɗan, ɗaya ma iska ta yaye rabin kwanonsa. Ni aka ba 'yan aji shida, kuma ni ne malamin kimiyya na makarantar gaba ɗaya, ba don na fi kowa sani ba, sai don ni kaɗai na yarda. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Riga a soke cikin wando, biro a aljihu, ina tafe ina ganin kamar ni aka aiko in wayar da garin.

Yaran ajin nawa haɗin gambiza ne. Akwai 'ya'yan manoma Hausawa, akwai Kambari, akwai 'yan Fulani daga rugar da ke bayan gari. Littafin da Turanci yake, yaran kuwa wasu ma Hausar da ƙyar suke haɗa ta. Ranar da muka zo darasin ƙwayoyin halitta, sai na tashi na zana abu biyu a allo, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya kamar ƙosan da ya baje a mai. Na ce wannan ta tsiro ce, wannan ta dabba. Na ce jikin kowa a cikinsu, da na saniya, da na dawa, da irin waɗannan aka gina shi, kamar yadda ake jera tubali a tayar da ɗaki. Suka maimaita bayana da ƙarfi har ajin yana amsawa. Na ji daɗi, na ɗauka an gane.

Sai wata yarinya ta ɗaga hannu. 'Yar ruga ce, doguwa siririya, ba za ta wuce shekara sha biyu ba. Kusan kullum da ƙaninta take zuwa a goye, ɗan yaye, saboda mahaifiyarsu tana fita tallan nono. Takan sauke shi a bayan aji ya yi ta wasa da guntun alli, wani lokaci ya tako ya kama ƙafar wandona ina tsakiyar bayani.

Ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsu da idonka?"

Gaskiyar magana, sau ɗaya na taɓa leƙa na'urar da ake ganinsu da ita a kwaleji, ana turereniya a layi, kuma ban ga komai ba sai gashin idona. Na gyara murya na ce in sha Allahu su ma za su gani.

Ina da wani abokina da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare a cikin gari. Na yi ta yi masa naci har ya ara mini wata tsohuwar na'urar hangen ƙananan abubuwa, irin wadda ake leƙawa da ido ɗaya, mai ɗan madubi a ƙasa da ke tara hasken rana. Ya koya mini yadda ake murza ta, ya ce, "In ka fasa mini, kada ka dawo garin nan." Na naɗe ta a tsohon zanen mahaifiyata, na sa a kwali, na rungume ta a bayan mashin kamar jariri har ƙauyen.

Washegari na sa aka fito da tebur ƙarƙashin ɗorawar da ke tsakar makaranta, daidai inda rana ke ratsowa. Na ɓare albasa, na zare tantanin nan nata mai shara-shara, na shimfiɗa a kan gilashi, na ɗiga ɗan ruwan tawada. Na daɗe ina murzawa, gumi yana karyo mini, yara suna kallo. Can sai ga ƙwayoyin nan a jere. Ni kaina sai da na ce Allahu Akbar.

Suka yi layi. Kowa ya leƙa sai ya ɗago yana ihu. Wani ya ce ginin bulo ne. Wani ɗan Kambari ya ce a'a, saƙar zuma ce. Wata ta koma tana jujjuya sauran albasar a hannunta, tana neman inda ɗakunan suka ɓuya.

Da muka zo ta dabba, na ce ina son wanda zai buɗe baki in ɗan kankari cikin kumatunsa da tsinke mai tsabta. Kowa ya ja da baya, ya toshe bakinsa. Sai ɗan yayen nan, da ya ga ina riƙe da abu, ya ɗauka abinci ne, ya tako ya wangame baki. Ajin ya fashe da dariya. Da shi muka yi. Yayarsa ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago ta kalle shi, ta sake leƙawa.

Ta ce, "Malam, nasa ba su da katanga. Na albasa suna da katanga."

Abin da na yi kwana da kwanaki ina faɗa a allo ke nan, ga shi ta faɗe shi da bakinta ba tare da na tambaye ta ba. Ta ɗauki yaron ta ɗaga shi sama tana ce masa, "Duk wannan a cikin bakinka, kai ɗan mitsitsi?" Ban taɓa jin daɗin aikin koyarwa kamar wannan hantsin ba, kafinsa ko bayansa.

Da a nan na tsaya, da labarin da zan ba ku na dariya ne. Amma darasi na gaba a littafin shi ne na ƙananan halittun da ido ba ya gani, ga na'ura a hannu, ga rana ba ta yi zafi ba. Sai na aiki yaro ya ɗebo mana ruwan rijiya.

Rijiya ɗaya ce a garin. Tsohuwa ce, mai faɗin baki, an jera duwatsu a cikinta, itatuwan da aka gicciya a bakin duk igiyar guga ta ci su ta yi musu kwari. Bakinta daidai yake da ƙasa, kuma a gefenta ake shayar da shanu. An taɓa kafa famfon tuƙa-tuƙa a garin, amma tun kafin in zo ya lalace, awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Don haka da mutanen gari da na ruga, kowa a wannan rijiyar yake sha.

Ɗigon farko ban ga komai ba. Na sake ɗauka daga gindin gugan, inda ɗan gansakuka ya kwanta. Ina sa ido, wani abu ya gilma da gudu. Na zabura har na kusa ture teburin. Na sake dubawa. Ga su nan, wasu dogaye, wasu kamar ƙwai, suna iyo suna juyi, suna karo da juna.

Wannan karon babu ihu. Kowa ya leƙa sai ya ja gefe shiru. Wani ya tofar da yawu. Ɗalibar nan tawa ita ce ta ƙarshe, kuma ta fi kowa daɗewa.

Ta ce, "Malam, muna shan su?"

Na yi musu bayani iya sanina. Na ce waɗannan da suka gani ba lalle su ne masu cutarwa ba, masu kawo ciwon ciki sun fi su ƙanƙanta, wannan tsohuwar na'urar ba za ta nuna su ba. Amma ruwan da ke buɗe, wanda kowane datti ke gangarawa cikinsa, zai iya ɗaukar kowane iri. Na ce maganin mai sauƙi ne, a tafasa ruwa a bar shi ya huce, wuta tana kashe su. Na faɗe shi kamar abin da ba shi da wata wahala.

Kafin mako ya zagayo, garin ya ɗauka. Yara sun ƙi shan ruwan randa, wasu suna kuka wai akwai tsutsa a cikinsu. Mai unguwa ya aiko a kira ni. Dattijo ne sosai, na same shi a zaure yana murza igiya a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, na shirya jin faɗa.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ka san wa ya haƙa rijiyar nan?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce kakannin kakanninsu ne, tun zamanin da ake kafa Kontagora, kafin Bature ya zo ƙasar nan. Lokacin yaƙi ne, mutane ba sa kwana biyu a wuri ɗaya. Su kuwa suka gudo nan, ba su iya zuwa rafi don tsoron mahara, sai suka haƙa da hannu, mata suna kwashe ƙasa da ƙwarya. Ya ce tun daga ranar ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun fari.

Ya ce, "Ban ce ƙarya kake ba, ɗana. Jikana ya ce ya gani, kuma ba ya mini ƙarya. Abu ɗaya nake tambaya. In ba su sha wannan ba, wanne za su sha?"

Na ce, "Baba, a riƙa tafasawa."

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ka taɓa zuwa itace? Matan garin nan sai sun wuce gonaki kafin su samo na tuwo. Ruwan gida guda, da na yara, da na masu noma a rana, duk a tafasa? Ka gyara mana famfon can, ni da kaina zan sa a yi wa rijiyar murfi."

Na yi masa sallama na fito. Na bi duk ƙofar da aka nuna mini a kan gyaran famfon nan, ko'ina sai a karɓe ni da fara'a a ce in dawo. Na yi ta dawowa har na gaji. Yaran kuwa ƙishirwa ta fi ƙarfin tsoronsu, ba a jima ba kowa ya koma shan ruwansa, aka manta.

'Yar rugar nan kaɗai ce ba ta manta ba. In an tashi daga makaranta, sai ka gan ta a hanya da goyo tana tsintar kara da busasshen kashin shanu. Ta samu wata 'yar tukunya ta ware, a ciki take dafa wa ƙaninta ruwa, ta zuba a gora ta rataya. Ita kanta na randa take sha, ta ce itacen ba zai isa biyu ba. Wata rana na haɗu da mahaifiyarta a hanya da ƙwarya a ka, ta tsaya tana dariya ta ce, "Malam, ka mayar mini da 'ya likita. Ko ni ba ta yarda in ba shi ruwa." Na ji kaina ya yi girma. Washegari na tsayar da yarinyar a gaban aji na ce a tafa mata, ga wadda take kare ƙaninta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Damina ta yi ƙarfi a shekarar. Aka kwana ana ruwa, aka wuni ana yi, kwanaki a jere ba a ga rana ba. Ruwa ya kwaso duk ƙazantar gari da ta mashayar shanu ya gangara da ita cikin rijiya. Ba a daɗe ba amai da gudawa ya ɓarke. Aka rufe makaranta. Ni da ma'aikacin lafiyar da ke zagayowa muka riƙa bi gida-gida muna nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Wasu sun tashi. Wasu ba su tashi ba, yawanci tsofaffi da ƙananan yara.

Ranar wata Laraba da hantsi aka gaya mini ɗan yayen nan ya rasu. An ɗauko shi a mashin za a kai shi asibiti a Kontagora, rafin da ke hanya ya cika, suna tsaye suna jiran ruwa ya ja, yaron ya cika a hannun mahaifinsa.

Na tafi ta'aziyya rugar. Na zauna da maza a tabarma aka yi addu'a. Zan tafi ke nan sai mahaifiyar ta aiko a tsayar da ni. Ta fito, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Malam, ka yi wa 'yarka magana. Tun da abin ya faru ba ta ci ba, ba ta yi kuka ba. Kai take jin maganarka."

Na samu yarinyar a bayan bukka inda ake ɗaure maruƙa, a tsugunne, ta haɗa kai da gwiwa. Na yi sallama, na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya ba ta haƙuri. Can ta ɗago.

Ta ce, "Malam, ni ce."

Na ce, "Ke ce me?"

Ta ce ranar da ruwan ya fi ƙarfi, komai ya jiƙe. Kara ya jiƙe, kashin shanu ya jiƙe, ɗan itacen da ya rage na tuwo ne. Ta yi ta hura wuta har idanunta suka rufe da hayaƙi, ta ƙi kamawa. Shi kuma yana ta kuka yana nuna randa. Sai ta ɗiba ta ba shi.

"Sau ɗaya ne, Malam. Wallahi sau ɗaya ne."

Na tsugunna a gabanta. Na ce mata kwanansa ne ya ƙare, Allah da ya ba su shi ne ya karɓi abinsa, babu mai iya ƙara masa ko yini ɗaya.

Ta ce, "Inna ma haka ta ce. Amma Inna ba ta gani ba. Ni na gani."

Na ce ciwon nan ba ta ruwa kaɗai yake shiga ba. Akwai ƙuda, akwai hannu, yaro ne mai sa komai a baki, kuma ga gidaje nan da yawa da abin ya shiga. Babu wanda zai iya cewa wannan kofin ne.

Ta zuba mini ido, irin kallon da take mini a aji in ta ga ina kewaye-kewaye. Ta ce, "Amma zai iya zama shi?"

In na ce a'a, ta san ba haka na koya mata ba. In na ce e, ban san abin da zai rage a jikinta ba. Na ce Allah ne masani. Ta gyaɗa kai a hankali, ta mayar da fuskarta cikin gwiwa. Na gane ta ji amsar da ban faɗa ba.

Da aka buɗe makaranta ba ta dawo ba. Na je rugar na roƙa, mahaifin ya ce shi bai hana ta ba, ita ce ta ce ba ta so. Bayan kaka suka tashi da shanunsu suka yi wajen Zugurma. Na mayar wa abokina na'urarsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya tambaye ni yaya yara suka gani, na ce sun gani. A ƙarshen shekarar na nemi canjin wurin aiki.

An yi shekaru masu yawa. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara fito mini. Wata rana na je cin kasuwar Auna sayen hatsi, ina ratsa layin masu nono sai na ji an ce, "Malam!" Mace ce babba, da goyo a baya, ga wani yaro a gefenta yana riƙe da bakin zanenta. Sai da ta yi murmushi na gane ta. Muka gaisa sosai, na tambayi iyayenta, ta tambayi iyalina. Ta dama mini fura ta ƙi karɓar komai. Babu wanda ya ambaci abin da ya wuce.

Ina zaune ina sha, yaron ya ce ruwa. Ta jawo wata jarka daga ƙarƙashin faifai, ta tsiyaya a kofi, sai ta ɗaga kofin sama wajen hasken rana, ta karkata shi tana dubawa, sannan ta miƙa masa. Ta juyo ta ga ina kallonta.

Ta ce, "Dafaffe ne, Malam. Na san ido ba ya gani. Hannuna ne ya saba."

Don in kawar da zancen, sai na tambaye ta ko yaran suna makaranta. Ta ce babbar tana zuwa, tana aji huɗu, kuma tana da kai. Ta gyara murfin ƙwarya. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na gaya mata ta koyi komai. Amma in an kawo abin leƙawar nan, kada ta leƙa."

Na yi godiya, na yi musu addu'a, na tafi. Hatsin ma ban saya ba.

Na sha juya wannan al'amari a raina. Abin da na koyar gaskiya ne, kuma da za a sake mayar da ni ƙarƙashin ɗorawar nan, ban ga yadda zan ce wa yara ruwan lafiya lau yake ba. Wataƙila 'ya'yanta suna raye yau saboda jarkar nan. Abokaina da na ba su labarin haka suke ce mini, in riƙe wannan in yi barci. Na gwada. Sai dai a duk gidan da aka yi rashi a wannan daminar, an yi kuka, an yi sadaka, an dangana, rayuwa ta ci gaba. Mutum ɗaya ce ba ta samu danganar nan ba, kuma ita ce ta fi kowa sauraron darasina. Manya ba su gyara famfo ba, ni ban iya sa a gyara ba, nauyin duka ya tafi ya sauka a kan 'yar shekara sha biyu da jiƙaƙƙen kara.

Har yau ina koyarwa, saura kaɗan in yi ritaya. Makarantar da nake yanzu ma daga tafki yara ke ɗebo ruwa. Masu surutu a bayan aji da masu gyangyaɗi ba sa damuna kamar da, na san za su fita su manta. Bana darasin ƙananan halittun yana nan tafe a zango na biyu, kuma akwai wata 'yar ƙarama a layin gaba, mai yawan tambaya, duk abin da na faɗa sai ta kai shi gida. Tun da aka dawo hutu nake ta jan ƙafa a kan babin da ake yi kafinsa.